Na jona UPS da saba ta kafar siriyal, UPS ɗin ya mutu nan take. Ina kuskuren yake?

ɗan_aboabo · Talata, 9:52 na dare

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimako, kuma ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo, na fi so ku ji abin tun daga tushe.

Kawuna yana da shagon sari a wajen Alabar, nan Kumasi. Shinkafa, man girki, sukari, tumatirin gwangwani, irin waɗannan. Shekara biyu ke nan da muka bar rubuta bashi a littafi, muka mai da komai cikin kwamfuta. Akwai saba guda, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, a wani ɗan ɗaki bayan shagon, Dell PowerEdge T110, tana kan Ubuntu Server 22.04, lissafin kuma yana cikin manhajar ajiye bayanai ta PostgreSQL. Kwamfutoci uku na gaban shago duk daga gare ta suke ɗiba. Matan da ke ɗaukar kaya bashi su kai Kejetia da Asafo su sayar, su dawo su biya ƙarshen mako, kowane buhu da ke kan kowace a cikin wannan na'urar yake. In ta lalace, ba kuɗin Kawu kaɗai ne zai shiga ruɗani ba, har amanar da ke tsakaninsa da mutanen da suka shekara goma suna hulɗa.

Muna da UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, APC Smart-UPS 1400, na hannu ne, na saye shi a Adum na sa masa sababbin batura biyu. Da rana ba shi da laifi ko kaɗan. In an ɗauke wuta yana riƙe sabar har yaron shago ya tayar da janareta. Matsalar dare ce. Sabar ba ta kwana a kashe, domin ƙarfe ɗaya na dare take kwafe bayanan ranar, kuma Kawu yakan duba lissafi ta wayarsa bayan sallar asuba. To in wuta ta tafi tsakar dare, UPS ya yi ta kuka babu mai jin sa har batir ya ƙare, sabar ta faɗi kamar an fizge mata waya. Sau uku hakan ta faru a watan da ya wuce. A na ukun sai da na kusa awa guda a gabanta da safe kafin ta yarda ta tashi, gabana yana ta faɗuwa.

Shi ne na ce bari in haɗa su su riƙa magana, in batir ya yi ƙasa sabar ta rufe kanta cikin tsari. Bayan UPS ɗin babu USB, kafa ɗaya ce mai ramuka tara. Bayan sabar kuma akwai kafar siriyal mai fil tara. Na tono wani kebul a cikin durowa, na tsohuwar firintar rasit ne, kai ɗaya namiji kai ɗaya mace, ya shiga ko'ina daidai kamar don su aka yi shi. Ranar Asabar wajen sha ɗaya na safe, shago cike da mutane, na soka shi a sabar, na zagaya na soka ɗaya kan a UPS. Ko sakin hannu ban yi ba UPS ya ɗauke ɗif, fitilunsa duka suka mutu, sabar ta bi shi. Alhali akwai wutar gari a lokacin.

Na zare kebul ɗin, na danna maɓallin gaba, UPS ya dawo, sabar ma ta tashi, alhamdu lillahi ba mu rasa komai ba. Amma kusan minti arba'in da biro da takarda aka yi ciniki. Kawu bai yi mini faɗa ba, ya dai ce in bar taɓa ta sai ranar da shago ke rufe.

Tambayoyina uku ne. Na ƙona wani abu ne a ciki? Wane irin kebul ake bukata, kuma ana samun sa a Kumasi? In an samu, wace manhaja zan sa a Ubuntu? Allah ya saka wa duk wanda ya tanka da alheri.

baba_nima · Talata, 11:20 na dare

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, tunda ya dawo da ka danna maɓalli, da wuya in ka ƙona wani abu. Umarnin kashewa ka ba shi ba tare da ka sani ba, shi kuma ya bi.

Kafar da ke bayan wannan UPS ɗin siffarta kaɗai ce irin ta siriyal ɗin kwamfuta, amma aikin da aka ba kowane fil daban ne. A kwamfuta, fil na 2 shi ke karɓar magana, na 3 ke aikawa, na 5 shi ne ƙasa, wato inda ake auna sauran daga gare shi. Ragowar kuwa na musafaha ne da aka gada tun zamanin modem: na shirya, kai ma ka shirya, aiko, dakata. A wajen Smart-UPS kuwa, ta fil na 1 yake karɓar magana, ta na 2 yake aikawa, ƙasansa kuma na 9 ne. Sauran fil ɗin an ba su wasu ayyuka, wani na sanar da cewa wuta ta tafi, wani na cewa batir ya yi ƙasa, kuma a cikinsu akwai wanda aikinsa kunna UPS da kashe shi daga nesa. Kebul ɗin firintarka ya ɗauki wayoyin musafahar sabar ya kai su inda ba wurinsu ba, ɗaya ta sauka kan makashin. Shi ke nan abin da ya faru.

Kebul ɗin da kake nema lambarsa 940-0024C, baƙi ne, kuma lambar tana rubuce a jikin robar kan. Ka kula da ɗan'uwansa mai launin toka, 940-0020B. Shi ma na APC ne, ba zai kashe maka komai ba, amma ba ya ɗaukar hira. Abu biyu kawai yake iya gaya wa kwamfuta: muna kan batir, da kuma batir ya kusa ƙarewa. Da baƙin kuwa za ka ga ƙarfin wutar da ke shigowa, nauyin da ke kan UPS, cajin batir kashi nawa, da mintocin da suka rage. Tunda na'urarka tana iya wannan, kada ka tsaya a na tokar.

In ka zaga Adum ba ka samu ba, haɗa shi ba wani abu ba ne. Ni ban taɓa sayen ko ɗaya ba. Lokacin da nake da kafe na intanet a Nima, Zongo Lane nake zuwa in sayo kawunan DB9, masu fil taran nan, da ɗanyen kebul in zauna da dalma. Waya uku ce kawai:

fil 2 na kwamfuta zuwa fil 2 na UPS
fil 3 na kwamfuta zuwa fil 1 na UPS
fil 5 na kwamfuta zuwa fil 9 na UPS

Kan da zai shiga kwamfuta mace ne, wanda zai shiga UPS namiji. Kada ka bar wata waya ta huɗu ta isa wajen UPS, ko da ka ga ta rage a cikin kebul ɗin, yanke ta ka naɗe. Inda yara ke yawan faɗawa shi ne ƙirgan fil. Namiji da mace jerinsu kamar mutum ne da hotonsa a madubi, inda 1 yake a wannan, 5 ne a wancan. Kada ka ƙirga da ido daga hagu, ka nemi 'yan lambobin da aka zana a jikin robar, in sun yi ƙanana ka haska da fitilar waya. In ka gama, ka sa mitar gwajin lantarki ka bi kowace waya daga kai zuwa kai, sannan ka tabbata babu fil biyu maƙwabta da dalma ta haɗe.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina. Ranar gwaji, cire sabar daga bayan UPS ka jona ta kai tsaye a bango, shi kuma UPS ka ɗora masa fitila ko ƙaramar fanka. In ka yi kuskure a kebul, fitila ce za ta mutu. A 2015, lokacin da dumso, matsalar ɗauke wutar nan ta Ghana, ya yi tsanani har ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, na ga faifai da yawa sun lalace a hannun mutane, kuma wasu daga ciki ba rashin wutar ne ya ci su ba, gwajin da aka yi a kansu suna cikin aiki ne.

madina_boy · Laraba, 7:05 na safe

Sannu ɗan'uwa. Ni shawarata daban ce. Wannan UPS ɗin ya tsufa sosai, kuma siriyal zamaninsa ya wuce. In Kawu zai iya, ku sayi sabo mai USB, ka soka, Linux ya gan shi, an wuce wurin. Ko kuma ka nemi katin netwok da ake zurawa a ramin da ke bayansa, sai ya riƙa magana ta waya ɗaya da sauran kwamfutocin. Lissafin shago gaba ɗaya bai kamata ya rataya a kan waya uku da aka liƙa da hannu ba.

yaya_asawase · Laraba, 1:34 na rana

Ƙanina, sannu da ƙoƙari. Abin da Baba ya faɗa kan kebul haka yake, ba ni da ƙari. Game da sayen sabo kuwa, ban ga dalili ba. Wannan tsohon yana da tiransifoma mai nauyi a ciki, yana gyara wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama ba tare da ya taɓa batir ba, kuma da kuɗin da za ka kashe a ƙaramin sabo ba za ka samu kamarsa ba. Hanyar siriyal ma ba ta da wani rauni. Ba ta ɓacewa ta sake bayyana da wani suna yadda USB kan yi wani lokaci. Kuma a sani, sababbin Smart-UPS da lambarsu ta fara da SMT wata kafa ce da su mai kama da ta netwok, yarensu ma daban, don haka bayanin da ke nan na tsofaffin ne irin naka.

Ga ɓangaren Ubuntu. Kafin ka sa kowace manhaja, ka fara jin muryar UPS ɗin da kunnenka. Duba sunan kafar:

`sudo dmesg | grep ttyS`

Galibi `/dev/ttyS0` za ka gani. Sai ka buɗe ta a gudun 2400, domin a nan yake magana, ba 9600 da aka saba ba:

`sudo screen /dev/ttyS0 2400`

Danna babban harafin Y. In kebul ɗinka daidai ne zai amsa da SM. Daga nan L zai ba ka ƙarfin wutar da ke shigowa, ƙaramin f zai ba ka cajin batir. Ka tsaya a nan, kada ka yi ta danne-danne don ganin abin da zai fito, saboda K da Z umarnin kashewa ne. Fita da Ctrl-a sannan k.

In ka danna Y shiru, kada ka yi saurin zargin dalmarka. Sau da yawa wani ne ya riga ka zama a kan kafar. Duba wurare uku. Na farko BIOS, saitunan da ake shiga lokacin da na'ura ke tashi: a Dell akwai shafin Serial Communication, ka zaɓi wanda ya kunna kafar ba tare da tura allon kwamfuta ta cikinta ba. Na biyu `/etc/default/grub`, in ka ga `console=ttyS0` a ciki, cire shi ka yi `update-grub`, in ba haka ba duk rubutun da sabar ke zubowa lokacin tashi cikin kunnen UPS zai tafi. Na uku `serial-getty@ttyS0.service`, wanda ke zaune yana jiran mai shiga ta wannan kafar, ka tsayar da shi ka rufe. In akwai ModemManager ma ka cire shi, saba irin taka ba ta bukatarsa.

Manhaja biyu ce ake amfani da su, apcupsd da NUT. NUT ta fi faɗi, tana jin yaren kamfanoni da yawa, ita nake sawa inda aka cakuɗa na'urori iri-iri. Amma UPS ɗaya na APC da saba ɗaya, apcupsd ta fi sauƙi. Bayan `sudo apt install apcupsd`, buɗe `/etc/apcupsd/apcupsd.conf` ka gyara waɗannan:

`UPSCABLE smart`
`UPSTYPE apcsmart`
`DEVICE /dev/ttyS0`

Ka leƙa `/etc/default/apcupsd` ka mai da ISCONFIGURED zuwa yes. Tayar da ita, sannan `apcaccess status`. In ka ga ONLINE kun gaisa. In COMMLOST ne, wato ba sa jin juna, koma baya, kuma ka tabbata ka rufe screen ɗin nan, mutum biyu ba sa riƙe kafar a lokaci guda.

Yanzu abin da na fi so ka yi tunani a kai. Akwai layuka uku da ke yanke lokacin rufewa: BATTERYLEVEL, MINUTES da TIMEOUT, duk wanda ya fara cika shi ke aiki. Yadda suke zuwa shi ne 5, 3 da 0, wato sabar ta jira sai caji ya koma kashi 5 ko saura minti 3. Wannan ya dace da inda wuta ke tafiya sau ɗaya a shekara. Mu nan tana iya dawowa ƙarfe biyu ta sake tafiya ƙarfe uku, ta tarar da batir bai cika ba. Kuma batirin dalma da ake tatsewa har ƙasa kowane mako ba ya daɗewa, balle a ɗakin da ke da zafi. Ni zan sa TIMEOUT 900, wato sakan 900 a kan batir, minti goma sha biyar ke nan. Da rana ya ishi yaronku ya tayar da janareta, da dare kuma in wuta ba ta dawo cikin wannan lokacin ba, babu amfanin jira. BATTERYLEVEL ka ɗaga shi zuwa 30, MINUTES zuwa 10.

ɗan_aboabo · Lahadi, 6:48 na yamma

Baba, Yaya, Allah ya biya ku. Ga yadda aka yi.

Na zaga Adum ranar Alhamis, shago biyar na shiga, babu mai baƙin kebul ɗin. Wani ya fito mini da na toka, da ban karanta bayanin Baba ba da na biya na tafi. Sai na sayi kawuna biyu da murfinsu, na kai wa wani abokina mai gyaran rediyo a Akwatia Line, domin hannunsa ya fi nawa a dalma. Ya ce wannan ai aikin minti goma ne. Muka bi lambobin da ke jikin roba, muka auna da mita sau biyu.

Yau da shago ke rufe na zo tun bayan azahar. Na kashe sabar da kaina, na mai da ita bango, na ɗora wa UPS fitilar tebur. Da na zo soka kebul ɗin sai da na yi bisimilla, hannuna yana ɗan rawa. Fitila ba ta ko ƙifta ba.

Amma da na danna Y, shiru. Na sake, wasu haruffa marasa ma'ana suka fito suka tsaya. Na tuna maganar Yaya na buɗe grub, sai ga `console=ttyS0` zaune a ciki. Wanda ya fara ɗora mana Ubuntu ne ya sa, ina jin ya saba da sabobin da ba su da allo. Na cire, na rufe getty ɗin, na sake tayar da na'ura. Y, sai SM. Ban san haruffa biyu za su iya faranta mini rai haka ba. L ya ba ni 227, kusa da 230 ɗin da ya kamata.

Yanzu apcupsd tana aiki. Da na mai da sabar da rauta da suwic na netwok bayan UPS, nauyin kashi 14 ne, tana nuna saura minti 70 da ɗoriya. Don gwaji na rage TIMEOUT zuwa 120, na kashe makunnin soket ɗin bango. Minti biyu cif sabar ta fara rufe kanta, PostgreSQL ya sauka lafiya, fanka ta yi shiru. Na ji daɗi ƙwarai.

Sai dai ga sabuwar matsala. Da na kunna soket ɗin, sabar ba ta tashi ba. Tana nan a kashe sai da na danna mata maɓalli. In haka za ta riƙa yi, Kawu zai tashi da asuba ya tarar babu komai a wayarsa, sai na taso daga Aboabo na zo na kunna. Akwai yadda za a yi ta tashi da kanta?

Ɗan'uwa na Madina, na gode da shawararka. Katin netwok ɗin yana raina, in an samu na hannu mai sauƙi zan ɗauka.

baba_nima · Lahadi, 9:15 na dare

Madalla ɗana, ka yi rabin aikin, kuma wannan rabin da ya rage shi ne mutane da yawa ke mantawa.

Ka duba abin daga wajen sabar. Ta rufe kanta, amma UPS bai daina ba ta wuta ba, batir yana da saura. Da wutar gari ta dawo, a wurinta babu abin da ya canza: da wuta a wayarta ɗazu, da wuta yanzu. Ba ta da dalilin tashi. Don haka abu biyu ake bukata, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya.

Na farko a BIOS. Danna F2 lokacin tashi, ka nemi AC Power Recovery a ƙarƙashin System Security, ka sa shi On. Kada ka bar shi a Last, domin Last yana nufin ta koma yadda take kafin wuta ta yanke, ita kuwa a kashe take.

Na biyu, dole UPS ya yanke wutar da yake bayarwa bayan sabar ta gama rufewa, ya kwanta yana jira. In wutar gari ta dawo sai ya sake saki, sabar ta ga wuta ta zo sabuwa, ta tashi. Wannan umarnin sabar ce ke aika shi ta kebul ɗin nan naka a numfashinta na ƙarshe. 'Yata ta Asawase ta fi ni sanin yadda ake ɗaura shi a Ubuntu na yanzu, ni a zamanin da ake gyara fayil ɗin halt da hannu na koya.

yaya_asawase · Litinin, 8:10 na safe

Baba ya gama bayanin, saura ɗaurawa. Duk lokacin da apcupsd ta rufe sabar saboda rashin wuta, tana ajiye wani fayil, `/etc/apcupsd/powerfail`, a matsayin shaida. Shi kuma systemd, mai kula da tashi da rufewar Ubuntu, daf da ya kashe na'ura, yana gudanar da duk abin da ya samu a `/usr/lib/systemd/system-shutdown/`. Leƙa can. In babu abin da ke kiran apcupsd, rubuta ɗan gajeren fayil da zai duba ko powerfail yana nan, in yana nan ya kira `apcupsd --killpower`, ka ba shi izinin gudana. Sharaɗin duba fayil ɗin kada ka tsallake shi, in ba haka ba duk ranar da ka sake tayar da sabar don wani dalili UPS zai yanke wa kowa wuta.

Sannan akwai saituna a cikin ƙwaƙwalwar UPS ɗin kansa. Tsayar da apcupsd, ka shiga `apctest`, ka zaɓi ɓangaren EEPROM. Jinkirin da yake yi kafin ya yanke, ka sa sakan 180 maimakon 20, don faifai su samu sararin tsayawa. Jinkirin dawowa ka sa 60 ko 180, saboda ka san yadda wuta ke yi a unguwanninmu, ta leƙo ta koma kafin ta zauna. Cajin da zai jira kafin ya saki wuta ka sa kashi 15, ko 50 in kana so ka ƙara samun natsuwa. Da TIMEOUT 900 da wuya batir ya sauka har can, don haka ba zai jinkirta maka ba.

Ka gwada da janareta ma. In ka ji UPS yana ta ƙaf-ƙaf, yana shiga batir yana fita alhali janareta na aiki, wutar ce ba ta yi masa santsi ba. A wannan ɓangaren na apctest akwai inda ake rage masa saurin tsorata, daga H zuwa M. Kada ka sauka zuwa L sai in M ya gaza.

Kuma ƙanina, ka samar wa ɗakin nan iska. Batirin da aka ce yana shekara uku zuwa biyar, a wuri mai sanyin digiri 25 ake nufi. Bayan shagon sari a watan Maris ba haka yake ba.

ɗan_aboabo · Asabar, 10:31 na dare

Na dawo da rahoto, don wanda zai zo neman irin wannan daga baya.

Daren Litinin bayan an rufe shago na yi duk abin da kuka ce. BIOS ɗin a Last yake, na mai da shi On. Babu komai a wancan wurin na systemd, na rubuta fayil ɗin, layi huɗu ne. Na kashe soket, sabar ta rufe, na zauna ina kallon agogo. Minti uku bayan nan UPS ya yi ƙaf ya yanke, fitilun gabansa suka shiga bin juna ɗaya bayan ɗaya. Na kunna soket, na ƙirga minti ɗaya, ya saki wuta, fankar sabar ta taso da kanta ban taɓa ta ba. Sau uku na maimaita kafin na mai da TIMEOUT 900 na kulle shago. Da janareta kuwa sai da na sauko da shi M kafin ya natsu, yadda Yaya ta ce.

Gwajin gaskiya ya zo daren Alhamis. An yi ruwa mai ƙarfi da iska, wuta ta tafi, ina kwance a gida ina jin ruwa a kan kwano ina tunanin ɗakin nan. Da safe na buɗe `/var/log/apcupsd.events`. Wuta ta yanke 11:47, sabar ta fara rufewa 12:02, ta sake tashi 3:26. Kawu ya duba lissafinsa bayan asuba kamar kullum, bai ma san an yi wani abu ba sai da na nuna masa. Ya daɗe yana kallon layukan, sannan ya tambaye ni nawa ne kuɗin mai gyaran rediyon, ya ba ni ninkinsa in kai masa.

Abu ɗaya na gano da ban yi tunaninsa ba. Tunda sabar tana kashe ƙarfe ɗaya, kwafin wannan daren bai gudana ba, cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ba ya rama abin da ya wuce shi. Na mai da aikin kan mai ƙidayar lokaci na systemd na sa `Persistent=true`, yanzu in ta tashi ta ga lokaci ya wuce sai ta yi shi nan take.

Tsohon kebul ɗin firintar na ɗauke shi daga shagon gaba ɗaya. Sabon kuma na naɗa masa farin tef a kai biyun, na rubuta "UPS kaɗai", na ɗaure sukurorinsa. Kafinta zai zo ranar Laraba ya buɗe ƙaramar taga a saman ƙofar ɗakin, Kawu ya yarda a sa fankar da ke zuƙe zafi.

Yaya, saura tambaya ɗaya. Kwamfutar da ke teburin Kawu, mai Windows, ita ma ina so in ja mata wuta daga wannan UPS ɗin. Na ga apcupsd tana sauraro a kafar netwok mai lamba 3551. In na sa mata apcupsd ta Windows ta riƙa tambayar sabar ta netwok, wane lokaci zan ba ta don ta riga sabar rufewa?